Ku sayi kyamarar da take jin magana

A gidanmu akwai kaset ɗin bikin yayata, irin manyan nan na VHS. Launi ya koɗe, kuma hannun mai ɗauka sai rawa yake yi. Amma duk ranar da muka kunna faifan da aka juye mana shi, tsit muke yi, domin a ciki ne kakarmu, Allah ya jiƙanta, take yi wa amarya faɗa kafin a kai ta ɗakinta. Kusan minti goma tana magana. Tarinta da dariyarta da guɗar da ta katse ta duk suna nan.

Bara aka aurar da ’yar wannan yayar tawa. Mai bidiyo ya zo da kaya na gani na faɗa, har da jirgin nan marar matuƙi yana shawagi a saman masallaci. Abin da ya kawo mana minti biyar ne: amarya na juyi a hankali, lalle ya fito raɗau, waƙa ta rufe komai daga farko har ƙarshe. Ba muryar waliyyi, ba shelar sanƙira, ba addu’ar liman. Yayin da ake yi ke nan, don Instagram da TikTok, kuma ba na ƙyashin samarin da suke cin abinci da shi, sun iya aikinsu. Sai dai na ’yan kallo ne, mu ’yan gida bai ajiye mana komai ba.

Shi ya sa nake ganin kowane babban gida ya kamata ya mallaki ’yar kyamararsa. Kuma in ka je saye, kafin mai shago ya fara yi maka zancen 4K, ka tambaye shi ko tana da ramin jona makirufo. Taronmu ba ya rabo da ƙarar janareta da lasifika, makirufon jikin kyamara kuwa duk abin da ya fi ƙara shi yake kwasa. Ƙaramin makirufo a wuyan rigar tsoho ya fi min duk wani kyan hoto. Shi 4K ɗin ya ninka Full HD sau huɗu a yawan ɗigo, ya cinye kati, sannan a tura ta WhatsApp a matse shi.

Sai jimiri. Da yawa daga kyamarorin hoto na da, masu ɗaukar bidiyo, suna tsayawa a minti 29 da daƙiƙa 59, saboda harajin da Tarayyar Turai take ɗora wa na’urorin bidiyo a lokacin, kuma irinsu sun cika kasuwar na hannu. Walimar sauka ba za ta jira ka sake dannawa ba. Waya kuwa a zafin Afrilu ɗaukar zafi take yi, ko kira ya shigo ana tsakiyar fatiha. Ƙananan Handycam na Sony, waɗanda aka fara fitarwa tun 1985, don irin wannan dogon zama aka ƙera su. Duk wadda za ka saya, ka gwada ta a lungun shago mafi duhu, tunda kai amarya da dare ake yi, kuma kada ka fito ba batir na biyu.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a kwali. Mai bidiyo namiji, baƙo, in ya shiga cikin gida mata gyara lulluɓi suke yi, hira ta mutu. Kyamarar gida kuwa a hannun ’yar gida take. Ranar sunan ɗan ƙanina na miƙa wa ’yata tamu, na ce ta zauna kusa da gwaggonninta, kada ta kashe. Ta ɗauko mana awa guda da rabi, a ciki har da Gwaggo Babba tana lissafo kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, da garin da kowannensu ya fito.