Lafiya da Kurwa: Nazari a kan Littafin Wall na Maganin Hausawa

A cikin shekarar 1988 aka buga littafin L. Lewis Wall a Amurka, mai suna Hausa Medicine, wanda ya rubuta bayan ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Katsina yana binciken yadda mutane ke neman magani. Wall likita ne, kuma masanin al'adun jama'a. Gindin maganarsa shi ne, lafiya a wurin Bahaushe ba rashin ciwo kaɗai ba ce, daidaituwar al'amura ce duka, watau jiki da gida da gari, da abin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa. Boka da wanzami da maɗori da ungozoma da malami, kowa yana gyaran gefe guda na wannan daidaituwa.

A nan lalle harshe ya ba shi gaskiya. A kan sauka lafiya, a kwana lafiya, a rabu lafiya, gari ya zauna lafiya. In aka buga wa mutum ƙofa da tsakad dare, abin da zai fara cewa shi ne, "Lafiya?", ba kuwa zazzaɓi ya ke tambaya ba.

Amma fa akwai abin lura. Ita kanta kalmar aro ce daga Larabci, ta shigo da lam ɗinta a manne, tamkar labari da lokaci da laifi. Wannan bai mai da ita baƙuwa ba, gama ta daɗe da zama 'yar gida. Sai dai yana tuna wa mai karatu cewa rumfa ce aka kafa bisa waɗansu abubuwa da ba lokaci ɗaya suka zo ba, ba su kuma cika jituwa da juna ba. Wanda ya tsaya ga rumfar zai ga tsari. Wanda ya leƙa ƙarƙashinta zai ga wani abu dabam.

A dubi kalmomin da a ke kiran abin da ke cikin mutum da su. Akwai rai, wanda in ya fita sai kabari, amma kuma ya kan ɓaci saboda baƙar magana. Akwai hankali, shi ma asalinsa Larabci ne, ya kan tashi, ya kwanta, ya gushe, ya dawo, mai shi kuwa yana nan da ransa. Akwai zuciya, mai yin fari da baƙi. Sa'an nan ga kurwa, wadda a ke cewa maye na kamawa har mutum ya yi ta ramewa yana tafe da ƙafarsa. Malami kuma ya zo da ruhi. To, ina iyakar rai da kurwa? In aka tambayi dattawa uku, da wuya biyu su yi baki ɗaya.

Abin ya fi fitowa fili a wajen bori. Ɗan bori doki ne, mace godiya, iska kuwa hawa ta ke yi. Bayan ta sauka, an yi atishawa, sai dokin ya ce bai san abin da bakinsa ya faɗa ba. Ina hankalinsa ya tafi a wannan tsakani? Harshen bai tanadi amsa ba, 'yan kallo ma ba su nema. Joseph Greenberg, a littafinsa na 1946 a kan Maguzawan Kano, ya nuna yadda aka ɗauki iskoki aka zuba su cikin sahun aljannu, suna ya sake, hawa bai sake ba.

Don haka ne maganar Murray Last ta fi kusa da gaskiya a wannan fanni. A wata maƙala tasa ta 1981, bisa zaman da ya yi a ƙasar Malumfashi, ya ce yawancin masu neman magani ba su san dalilinsa ba, ba su kuma damu su sani ba, maganin gargajiya kuwa ya rasa tsari guda. Duk da haka shi ma ya ɗan wuce wuri. Akwai tsari, sai dai a nahawu ya ke, ba a bakin boka ba. Ciwo ya kama shi, iska ta buge shi, sammu ya ci shi: a kowace jimla majinyaci karɓau ne, wani abu daga waje shi ne aikau. Sunan da aka ba aikau ɗin shi ke zaɓen ƙofar da za a kai mutum.

Wannan ba wasan malamai ba ne. Mace mai ciki ta faɗi tana jijjiga. In aka ce iska ce, sai hayaƙi da tofi, har gari ya waye. In aka ce jini ne ya hau, sai a nemi mota. Haka mai farfaɗiya, wanda cutarsa a ƙwaƙwalwa ta ke, asibiti kuma na da maganin da ke danne ta. Mai karanta littafin Wall zai fita da sha'awar faɗin kalmar lafiya, amma wannan faɗin ba ya gaya wa mijin matar inda zai nufa. Shi kansa Wall, wanda daga baya ya shahara wajen aikin yoyon fitsari, ya rubuta maƙala a 1998 a kan mutuwar mata wajen haihuwa a ƙasar Hausa, inda ya lissafa kunya da aure da wuri da jiran izinin miji cikin abubuwan da ke jawo ta. Waɗannan kuwa duk suna cikin abin da gida ke kira zaman lafiya.