Mai Jego a Ƙofar Majami'a

Kalmar tsarki kaya biyu take ɗauka a bakin Bahaushe. Da ita ake kiran Littafi Mai Tsarki da Ruhu Mai Tsarki, da ita kuma ake nufin abin da mutum ke yi in ya ɗauki buta ya zagaya. Ibrananci ya raba su, ya ba keɓewa domin Allah suna daban, wankuwa daga ƙazanta suna daban. Mu da muka haɗa su a kalma ɗaya, ba mamaki mace mai haila ta yi turus ranar Jibin Ubangiji, tana tunanin ko ta miƙa hannu ko ta naɗe.

Dokokin ƙazanta suna cikin Littafin Firistoci, sura 11 zuwa 15. Haila kwana 7 ce. Wadda ta haifi namiji za ta yi kwana 40 ba ta kusanci wuri mai tsarki ba, in mace ta haifa kuwa 80. Abin da masu wa'azi da dama ke tsallakewa shi ne, wannan ƙazanta ba zunubi ba ce. Wanda ya binne mahaifinsa ya ƙazantu kwana 7, alhali haƙƙi ya sauke. Maryamu uwar Yesu ma ta cika kwanakinta ta kai hadayar tsuntsaye biyu, hadayar talaka. Masani Jacob Milgrom ya lura cewa jini da maniyyi da cutar fata da gawa duk mutuwa suke nunawa, wato rai yana zurarewa daga jiki. Shinge aka yi tsakanin mutuwa da Haikali.

A Markus sura 5 ne al'amarin ya juye. Matar da ta shekara 12 tana zubar jini ta taɓa rigar Yesu. Ga al'ada ƙazanta ce ke naso, amma a nan lafiya ce ta yi nason. Surar ba ta ƙare ba sai da Yesu ya kama hannun gawar 'yar Yayirus.

Duk da haka ikilisiya ba ta taɓa yin baki ɗaya ba. Diyonisiyus na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya hana mai haila matsowa teburin Ubangiji. Amsar da ake dangantawa da Paparoma Giregori zuwa ga Agustin a Ingila, wajen 601, ta ce kada a hana ta, don halitta ba laifi ba ce. Ikilisiyar Habasha har yau tana yi wa namiji baftisma a kwana 40, mace a 80. Kiristoci masu fararen riguna na ƙasar Yarbawa sukan tuɓe takalma a ƙofar majami'a, mai haila kuma ta dakata a waje.

Ni dai ina bayan Giregori, amma ban raina masu tuɓe takalma ba. Sun riƙe wani abu da mu muka sake: cewa ba a faɗa wa Allah kamar an shiga kasuwa. Wanda ya ce tsarki na zuciya ne kawai, sau da yawa ko zuciyar bai wanke ba. Matiyu sura 5 ta gindaya sharaɗin da ya fi wanka wuya, a ajiye baiko gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna.

Arba'in ɗin mai jego kuwa, da wankanta da kunun kanwarta, tamu ce tun kafin a kammala fassara Littafin zuwa Hausa a 1932. Hutu ne, kuma ta cancance shi. In ta fito godiya, zumuntar mata na rangaɗa guɗa, sai a saurari bakin fasto da kyau, a ji ko marhaba yake yi mata ko wanke ta yake yi.