Jinjina ga masu gashin ƙashi

Ɗan kokawa a Gagarawa ko ɗan ƙwallo a Gumel idan ya karye, kowa ya san hanyar gidan maɗori. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne ranar da aka kwance karan ɗori: ƙashi ya haɗe, amma ƙafa ta tsotse, gwiwa ta ƙage. A nan masu gashin ƙashi ke karɓar aiki.

Sunan ma ya rage musu daraja, don gashi da tausa kaɗan ne daga cikin aikinsu. Shekaru suke yi a jami'a, irin su Bayero ta Kano, sannan shekarar sanin makamar aiki a manyan asibitoci kamar Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959. Waɗanda suka fi burge ni su ne masu haɗa jinya da ɗaga nauyi. Suna farawa da matse tsokar cinya a kwance, sai tsugunno, sai jan roba, sai ƙarfe, ana ƙara nauyi sannu a hankali har ƙafar da ta ji rauni ta kamo mai lafiya. Jijiyar gwiwa da aka yi wa tiyata takan ci wata 9 kafin a koma fili, kuma su ke da ƙarfin halin ce wa saurayi mai zumuɗi, "Tukuna, ƙanena."

Dabarar ba ta 'yan wasa kaɗai ba ce. Ɗan dakon da ke sauke buhu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da manomin riɗi a Sule Tankarkar, dukkansu da bayansu suke ci. Allah Ya ƙaro mana irin waɗannan masu gashin ƙashi a asibitocin karkara.