Layin unguwa mai faɗin ƙafa 36: ma'aunin da ya yi wa mota gata, ya manta da yara

Idan ka taɓa ganin hoton sabuwar unguwa a Amurka daga sama, ka san siffar: layuka masu lanƙwasa, da yawansu ba sa ɓullewa, kwalta shimfiɗe kamar filin idi, ga motoci biyu ko uku kacal a kanta. Kana iya ɗauka masu gidajen ne suka so haka. A'a, doka ce. Kusan kowace ƙaramar hukuma tana da kundin ƙa'idoji da ke faɗa wa mai gina rukunin gidaje faɗin layi, zurfin kwana da girman wurin juya mota, kuma in bai bi ba, ba za a amince da taswirarsa ba. Waɗannan ƙa'idoji sun yi kuskure a wuri ɗaya babba: sun ɗauka faɗi shi ne kariya.

Asalin abin kuɗi ne. A 1934 aka kafa hukumar gidaje ta tarayya, FHA, wadda ke tsaya wa bankuna a kan bashin sayen gida. A 1936 ta fitar da jagorar tsara unguwanni, inda ta nemi a ware ƙafa 50 don layi, kwaltar ta zama ƙafa 24, ta kuma nuna ta fi son layi marar ɓullewa a kan tsohon tsarin layuka masu gittawa kamar gidan dara. Ba ta tilasta wa kowa ba, amma wane magini ne zai ƙi bin wanda ke riƙe da makullin bashi? Zuwa 1965 ƙungiyar injiniyoyin zirga-zirga ta ƙasar ta ƙara: fili ƙafa 60, kwalta ƙafa 32 zuwa 34. Garuruwa da yawa suka kwafa, wasu suka cike ta 36, wato kusan mita 11. Michael Southworth da Eran Ben-Joseph sun bi diddigin wannan tarihi a littafinsu na 1997.

To, mene ne aibun faɗi? Direba ba allon gudu yake kallo ba, hanya yake kallo. Layi mai faɗi, miƙaƙƙe, babu bishiya kusa, babu mota a gefe, yana gaya masa babu abin tsoro, ƙafarsa kuwa sai ta nutse a totur ba tare da ya sani ba. Daga nan lissafin kimiyya ke karɓa. Ƙarfin da mota ke ɗauke da shi yana tafiya ne da gudu sau gudu: ninka gudu biyu, ƙarfin bugun ya ninka huɗu, nisan da birki ke bukata shi ma haka. Binciken Brian Tefft na 2011 ya kiyasta cewa wanda mota ta buge a gudun kilomita 37 a awa yana da haɗarin mutuwa kashi 10 cikin 100, a kilomita 51 kashi 25, a kilomita 68 kuwa rabi da rabi. Ka ga ke nan ƙarin da direba ba ya ko ji a jikinsa shi ne bambancin karaya da jana'iza.

A garin Longmont na jihar Kolorado, injiniya Peter Swift da abokan aikinsa sun duba rahotannin haɗari kusan 20,000 a shekarun 1990. Layuka masu ƙafa 24 su suka fi ƙarancin haɗari, kuma yawan raunuka ya riƙa hawa yadda faɗi ke hawa. Gari ɗaya ne fa, kada mu ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Sai dai masu kare faɗin su ya kamata su kawo hujja tun farko, domin lambobin nasu daga tunanin babbar hanya aka ɗebo su aka sauke a ƙofar gidajen mutane.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta 'yan kwana-kwana, kuma ba ta wasa ba ce. Dokar gobara da yawancin jihohi ke bi tana neman a bar ƙafa 20 babu cikas don motar kashe gobara. Ƙara wurin ajiye mota hagu da dama, ka isa 34 ko 36. Amma dubi ma'aunin: a 2022 haɗarin mota ya kashe sama da mutum 42,000 a Amurka, gobara kuwa ƙasa da 4,000. An faɗaɗa layi saboda motar da wataƙila sau ɗaya za ta shigo a shekaru, an bar yaro da gudun da ake yi kullum. Kuma wai don me za a auna unguwa da girman mota, maimakon a sayi motar da ta dace da unguwa? Biranen Turai da Japan suna kashe gobara da ƙananan motoci a layukan da ba su kai haka ba.

Za ka iya cewa ai yawancin waɗancan mace-macen a manyan hanyoyi suke faruwa, ba cikin unguwa ba. Gaskiya ne, kuma nan ne laifin ƙa'idar na biyu. Layi marar ɓullewa shiru gare shi, iyaye na son sa, ban ga laifinsu ba. Amma idan duk layukan unguwa suka toshe, kowace tafiya, ko ta sayen burodi ce, dole ta fito ta ƙofa ɗaya ta hau babbar hanya mai gudu. Makarantar da ke bayan katangarka sai ta zama tafiyar mota. Wesley Marshall da Norman Garrick sun kwatanta birane 24 a Kalifoniya, suka samu cewa masu ƙarancin mahaɗar layuka su suka fi yawan mutuwa a hanya. Motar gobarar ma da aka yi faɗin dominta, zagaye take yi kafin ta iso.

Ga kuma tsada. Adam Millard-Ball ya auna layukan unguwanni a manyan gundumomi 20 na ƙasar, ya samu matsakaicin faɗin filinsu ƙafa 55, alhali ƙafa 16 ta isa a kai ga gida. Filin da ya rage kuɗinsa na cikin farashin gidan, kwaltar na tara zafi, ruwan sama bai samun inda zai nutse, gyaranta kuma na kan gari har abada.

An gwada wata hanyar. Portland ta halatta layuka masu ƙafa 20 da 26 tun 1991, inda direba kan ɗan raɓe ya ba na gaba wuri. Holan ta sa layin da mota ke tafiya da saurin mai ƙafa cikin doka a 1976. Ingila ta ajiye tsohuwar jagorarta ta 1977, ta fitar da Manual for Streets a 2007, wadda ta sa mai tafiya a ƙafa farko a jerin waɗanda za a yi wa tsari, gudun da ake nufi kuma bai wuce kilomita 32 ba. Jihar Bajiniya ta gwada tilasta haɗa layuka a 2009, amma cikin shekara biyu aka sassauta dokar bayan ƙorafin magina.

Matse layi shi kaɗai ba magani ba ne. Layi siriri marar magudanar ruwa, marar gefen masu ƙafa, wanda motoci suka cike, shi ma cuta ne. Wurin da ya kamata kundin ya fara shi ne gudun da ake so a yi a ƙofar gida, daga nan a fitar da faɗi, kwana da tazarar mahaɗa. Kundin 1965 ya fara ne daga motoci biyu su wuce juna ba tare da ɗaya ta rage gudu ba.