Kunnen Mai Garaya

A Matazu, saurayin da ya sayi jita yakan nemi wayarsa ta daidaita masa tsirkiyoyi shida. Mai garaya kuwa, a gaishe shi, kunnensa ne ma'auninsa. Tsirkiya biyu gare shi, ɗaure da igiyar fata a jikin sanda. Ya ɗan tura ɗaurin sama, ya taɓa, ya karkata kai, ya sake turawa. Da damina fatar garaya kan saki, murya ta dushe, sai a kanga ta a wuta. Da hunturu kuma ta ɗame har ta nemi tsagewa. Yaronsa kan daɗe yana wannan gyara, ana ce masa "bai yi ba tukuna," kafin a bar shi ya kaɗa wa mafarauta takensu.