Mai Hoton Taro da Sanin Wurin Tsayuwa

Akwai wani hukunci da ya zama ruwan dare tsakanin samarin da suka shigo sana'ar hoto ta ƙofar Instagram, wai hoto hawa uku ne. A sama akwai hoton daji da namunsa, a tsakiya hoton tafiye-tafiye, can ƙasa kuma hoton taro, wato biki da suna da naɗin sarauta da hawan sallah. Na ƙasan nan, a ganinsu, neman abinci ne kawai, ana yin sa kafin a tara kuɗin dogon gilashin da za a tafi Yankari da shi. Ni da nake cin abinci da duka ukun ban yarda ba. In ma akwai hawa, to a kife suka jera shi.

Tarihin ba ya buƙatar dogon bayani. Waɗanda suka fitar da sunan Afirka ta Yamma a harkar hoto masu hoton jama'a ne. Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yana ɗaukar mutanen gari cikin kwalliyarsu. A 1991 aka baje hotunansa a birnin New York da tambarin cewa ba a san mai su ba, sai da aka bi sawu har Bamako aka tarar da mutumin da ransa, da akwatunan nagetif ɗinsa. Malick Sidibé kuwa ɗan biki ne tsantsa. In dare ya yi ya bi wuraren rawar samarin Bamako da kyamara da filasha, ya koma ya wanke, ya manna ƙananan hotuna a kwali don masu biki su zo su zaɓa. Wannan mutumin ne aka ba lambar Hasselblad a 2003, aka kuma ba shi Zakin Zinariya na birnin Banis a 2007, mai hoto na farko da ya samu wannan girmamawa ta aikin rayuwa. A Yamai ma Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki a shekarun 1960 da 1970. Babu ɗaya a cikinsu da ya yi suna da hoton faɗuwar rana.

Ba ina raina mai hoton daji ba ne. Wanda ya taɓa zaman jiran giwaye a bakin kogin Gaji da rani, ƙudan tsando na cizonsa bai isa ya motsa ba, ya san aikin ba wasa ba ne. Haka wanda ya bi raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, waɗanda a 1996 suka ragu zuwa kusan 50 kafin a farfaɗo da su. Amma a tambayi duk wanda ya dawo da hoto mai kyau daga can, me ya ba shi? Zai ce ɗan rakiya ne ya san inda dabbar za ta ɓullo da lokacin da take shan ruwa. To wannan sani shi ne jarin mai hoton taro, sai dai shi ba shi da ɗan rakiya, kuma abinsa ba ya dawowa. Giwa in ba ta zo yau ba za ta zo gobe. Amarya sau ɗaya ake buɗe mata kai.

Dabarar da nake ganin ta fi kowace a wannan sana'a ita ce sanin wurin tsayuwa kafin abin ya faru. Ban san inda ake gwada ta kamar filin Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ba, lokacin da Sarkin Kano ya dawo daga gaida Mai Babban Ɗaki ya tsaya karɓar jafi.

Baƙo yana ganin sukuwa ce kawai. Wanda ya saba ya san jafi gaɓa-gaɓa ne. Mahaya su taso a jere, su saki linzami, tazarar ta ƙare cikin 'yan daƙiƙoƙi. Dab da gaban sarki mahayi ya ja linzami, doki ya tattara ƙafafun baya ya ƙanƙance, wani ma ya ɗaga na gaba. A nan hannun dama ke tashi da jinjina. Abin da ba a gani sai an sha shi a ido shi ne ƙura. Ƙurar da dawakin suka tayar tana biye da su a baya, ita ba ta da linzami, don haka suna tsayawa take cim musu ta lulluɓe su. Hoton jafi yana cikin ɗan tsakanin nan ne, bayan hannu ya tashi, kafin ƙura ta iso. Ka riga shi, ka samu doki na gudu kamar kowane doki a filin sukuwa. Ka makara, ka samu hazo da kan rawani.

Masu sababbin kyamarori za su ce ai wannan ya wuce, tunda na'ura na ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa guda, dole ɗaya ya faɗa daidai. Gaskiya ne, in kana tsaye inda ya kamata. Hawan na la'asar ne, rana ta karkata yamma, mahayan kuma sun nufo fada daga kudu, saboda haka haske ta gefe yake dukansu. Wanda ya tsaya ta yamma ya ba rana baya zai samu fuska sarai, da aikin alkyabba da adon jalala, amma ƙurarsa za ta fito a mace, launin toka. Wanda ya tsaya ta gabas yana fuskantar rana zai samu ƙura tana ci kamar wuta, gefen rawani da gezar doki suna walƙiya, fuska kuwa ta nutse cikin duhu. Dole ka zaɓi ɗaya tun kafin dogarai su tsare hanya, domin da zarar an fara babu mai tsallaka filin nan. Ni ɗan gabas ne, ba na ɓoyewa. Fuskar hakimi kana iya samunta a zaurensa kowace rana, kuma ma rabinta na cikin amawali. Ƙurar nan mai haske kuwa a jafi kaɗai take.

Sai batun saurin ƙiftawar kyamara. Littattafan koyon hoto za su ce ka sa kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa don ka daskarar da doki, kuma haka akasari ake yi. Matsalar ita ce daskararren doki ba ya gudu, kamar an rataye shi a iska yake. Na fi son a sassauta zuwa kashi ɗaya cikin 30 ko 60, a bi mahayi da kyamara yadda yake tafe, shi ya fito daram, 'yan kallo da ganuwar fada su zama zane-zanen launi a bayansa. Hotuna da yawa za su lalace, babu musu. Wanda ya tsira zai sa mai kallo ya ji ƙasa na girgiza. Amma da mahayi ya ja linzami dole yatsa ya koma ga sauri, domin jinjina ba ta son dishi-dishi. Sauya wannan cikin ƙiftawar ido, ana ture ka ta baya, 'yan bindiga na sakin albarushi kusa da kunnenka, shi ne abin da ake kira neman abinci kawai.

Farin rawani ma da tasa fitinar. Ma'aunin hasken kyamara in ya ga fari da yawa sai ya rage haske, fuskar baƙin mutum ta zama gawayi. Ka ƙara don fuska, aikin aska takwas da ke kan farar riga ya wanke ya ɓace. Wannan ba sabon ciwo ba ne, tun zamanin fim katin gwajin launin da Kodak ke raba wa masu wanki hoton farar mace ne a jiki. Mai hoton biki a Kano ko Damagaram kullum cikin warware wannan lissafi yake, ranar ɗaurin aure ma fararen shaddodi ɗari ne a gabansa da tsakar rana. Kuma kada a manta sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Hawan da ka ɗauka cikin hazon hunturu, haske a tausashe, bayan wasu shekaru cikin damina zai faɗo, ƙasa a jiƙe, babu ƙura ko kaɗan, sai ka nemi hotonka a wani wurin, wataƙila a hadarin da ya haɗo bayan laima. Kafin mutum ya ga Hawan Daushen sallah ɗaya a kowane yanayi sai ya yi shekara 33 yana zuwa.

A nan ne nake rabuwa da masu hoton tafiye-tafiye, kodayake ni ma ina yi. Yawancin tsofaffin hotunan hawa da muke gani, irin na zuwan Yariman Ingila Kano a 1925 da na Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, idon baƙo ne: daga nesa, daga sama, daga rumfar manya. Dawaki birjik, mutane kamar tururuwa, ba ka san kowa ba. Ƙaramin jirgin nan maras matuƙi da ake yayi yanzu ya gaji wannan ido. Dubi Argungu. Kowace shekarar da aka yi bikin, hoto ɗaya ne ke yawo, dubban masunta sun auka Matan Fada da homa da gora, an ɗauko su daga sama. Yana da kyau, amma na wannan karon da na wancan ba su da bambanci. Mai hoton taro ya san bayan an buga bindiga kallo ya koma bakin ma'auni, inda mutum zai fito jiƙe sharkaf, shi da abokinsa suna jan giwan ruwa, idonsa na kan sikeli. Da ɗan gari akan ci gari.

Wannan sani ya fi bayyana a cikin gida. An koya wa yaranmu daga bidiyon intanet cewa hoton amarya sai ta kalli kyamara ta yi dariya. Sai ka ga yaro a wurin kamu yana ta cewa ta ɗago kai, gwaggwanninta na harararsa. Amaryar da ke cikin lulluɓi kai a sunkuye ba ɓata hoto take yi ba, kunyar ita ce abin ɗauka. Wanda ya san kan biki ba ya ma takura mata. Yana kallon hannun da ya sha lalle yana murza bakin mayafi, yana kallon ƙawayen da suka tsare ƙofa suna cinikin kuɗin kamu, ya kuma san lokacin da za a kai ta sallama wurin iyaye uwar ce za ta kau da kai, don haka tun kafin a shigo ya riga ya tsaya ta inda za ta kau da shi. Shahararren hoton Sidibé na 1963, saurayi da budurwa suna rawa goshi kusa da goshi, ita ba takalmi, babu wanda ya kalli kyamara a cikinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne inda wannan aiki ke ƙarewa. Hoton giwa ko na tsaunin Bagzam akwai dubunsa a duniya, kuma za a ƙara. Amma yadda ake naɗa rawani a Katsina a 1970, da irin ɗaurin ɗankwalin matan Zariya a 1985, da fuskokin 'yan lifidan da suka riga mu gidan gaskiya, ba su ko'ina sai a albam ɗin da ke ƙarƙashin gadon tsofaffi da kwalayen nagetif na tsofaffin situdiyo. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan 1000, yau manyan gidajen tarihi na duniya ke ajiye su. Namu na Arewa gara ke ci, magada kuma na zubarwa in za a mayar da shagon wurin cajin waya. Na yanzu ma bai tsira ba, domin bikin da aka kashe miliyoyi a kansa yana cikin wayar da za ta faɗa ruwa ko a sace ta.

Don haka ina kira ga Gidan Arewa da ke Kaduna da Gidan Makama da ke Kano su nemi magadan tsofaffin masu hoto su karɓi abin da ya rage, a rubuta sunan mai ɗauka da gari da shekara a kan kowane kwali. Ku kuma abokan sana'a, duk bikin da kuka ɗauka ku wanke ko da hoto 20 ne a takarda, ku rubuta kwanan wata a baya kafin ku miƙa wa masu shi.