Ganuwar Damagaram da Barikin Kan Dutse

Gine-ginen yaƙi biyu ne suka fi bayyana tarihin Damagaram: ganuwar Birni da barikin da Faransawa suka kafa a kan dutse. Bambancinsu yana ga inda kowanne ya fuskanta.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Sarki Tanimun ya ƙarfafa ganuwar birninsa, ya tara bindigogi, maƙeran gari kuma suna ƙera masa igwa da yin albarushi. Ganuwar ƙasa ce, magina na gida suka ɗaga ta, tana kallon waje, inda maƙiyi zai ɓullo. A 1898, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, aka kashe Kyaftin Kazemaju a Damagaram. A 1899 Faransawa suka ci yaƙin Tirmini, suka kame gari, suka gina bariki da sunan mamacin, suka adana makamansu a ciki. Tudun da suka zaɓa yana sama da Birni, don haka bakin bindigarsu ya koma kan mutanen gari. Daga nan aka tsare mulkin mallaka, har Damagaram ta zama hedikwatar Nijar zuwa 1926.

Bayan samun ƴancin kai aka raɗa wa barikin sunan Tanimun. Karramawa ce, amma tana iya ruɗar da yaro ya ɗauka sarkin ne ya gina shi, alhali ganuwar da ya ɗaga tana ta zubewa. Wajibi ne masu kula da kayan tarihi su gyara ragowar ganuwar, su kuma rubuta asalin barikin a ƙofarsa.